Gudu da Gyangyaɗi: Na'urorin da Ke Sa Ido a Kan Direba

Duk ɗalibin da ya zauna darasin fiziks ya san cewa idan aka ninka gudun abu da lokacin da ya ɗauka yana tafiya, za a sami tazarar da ya ci. Wannan ƙa'ida ta kan allo ita ce ke aiki a kan titi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. In gyangyaɗi ya ɗebi direbanta na sakan 3 kacal, to ta shafe mita 83 ba mai sarrafa ta, wato ta kusa ƙure tsawon filin ƙwallo. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara. Injiniyoyi sun tunkari lissafin nan ta fuska biyu: wata na'ura ta taƙaita gudun, wata kuma ta lura da lokacin da hankalin direba ke barin hanya.

Illar gudu ta wuce yadda ido ke gani. Ƙarfin da ke tattare da mota mai tafiya yana bin gudun da aka ninka da kansa ne, saboda haka in gudu ya ninka biyu, tazarar da burki ke bukata kafin mota ta tsaya sai ta ninka huɗu. Alal misali, a ɗauki motoci biyu iri ɗaya, guda na gudun kilomita 100, guda na 120, suka taka burki a wuri ɗaya. A daidai inda ta farko za ta tsaya cik, ta biyun tana nan tana gudun kusan kilomita 66 a awa. Bambancin 20 ne aka fara da shi, amma da 66 za a yi karo.

Dabarar taƙaita gudun inji tsohuwa ce. A 1788 James Watt ya sanya wa injinsa mai aiki da tururi wasu ƙwallaye biyu na ƙarfe masu juyawa, waɗanda in gudu ya yi yawa sai su buɗe waje su rage tururin. Na'urar taƙaita gudu ta yau jikanyar wannan ce, sai dai kwamfuta ta karɓi aikin ƙwallayen. Wani ma'auni yana ƙirga juyin taya, kwamfuta ta gwada shi da iyakar da aka saita mata, in an kai iyakar sai ta rage man da ke shiga inji, ko da kuwa direba ya danne totur har ƙasa. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya irin wannan na'ura a ranar 1 ga Fabrairu, 2017.

Amfaninta a fili yake, amma tana da gazawa. Ba ta taka burki, don haka babbar mota mai kaya na iya wuce iyakar a gangare. Babban raunin nata shi ne lamba ɗaya ta sani. In an saita ta a kan 90, za ta bar direba ya ratsa tsakiyar gari ranar kasuwa da gudun 90 ba ta ce uffan ba.

Wannan giɓi ne sabuwar na'ura ta zo cikewa. Ita tana da kyamara a gilashin gaba mai karanta allunan iyakar gudu, tana kuma haɗa abin da ta karanta da taswira da bayanin tauraron ɗan'adam, don ta san iyakar wannan hanyar a wannan wurin. In an wuce, sai ta yi ƙara, ko ta sa totur ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafa, ko ta rage ƙarfin inji. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin samfuran motoci daga Yulin 2022, sannan ga kowace sabuwar mota daga Yulin 2024. Dokar ta bar wa direba ikon fin ƙarfinta ko kashe ta, amma da zarar an sake tada mota sai ta dawo aiki. Sassaucin nan yana da dalili, domin kyamara kan yi kuskuren karatu. A hanyar da alluna suka koɗe ko babu su sam, kuma taswira ba ta da bayani, na'urar makauniya ce.

Gano barci ya fi gano gudu wuya, domin ba shi da ma'auni kamar juyin taya. Hanya ta farko ita ce lura da sitiyari. Direban da ke a farke yakan riƙa ɗan gyara shi kaɗan-kaɗan ba tare da ya sani ba. Mai gyangyaɗi kuwa sai ya sake shi na ɗan lokaci, sannan ya fizge shi a firgice. Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da na'ura mai karanta wannan alama a 2009. Hanya ta biyu ita ce kallon fuskar direban kansa. Ana haska ta da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, saboda haka kyamara na aiki cikin duhun dare ba tare da ta dame shi ba. Kwamfuta tana auna yawan lokacin da fatar ido ke rufe ƙwayar ido, da inda kai ya karkata, har ta bambance ƙiftawa ta al'ada da lumshewar mai jin barci. Haka kuma tana gane wanda ya sunkuya yana duba waya. Toyota ta sanya irin wannan kyamara a motocinta na Lexus tun 2006.

Gargaɗi kawai yawancinsu ke yi, sau da yawa da hoton kofin shayi a gaban direba. Ƙara tana iya farkar da shi, amma ba ta biyan bashin barci. Direban da aka matsa wa ya kai kaya daga Legas zuwa Kano ba hutu zai ji ƙarar, ya murtsuke ido, ya ci gaba.

Aikin aji: malami na iya sa ɗalibai su sake lissafin motocin nan biyu da gudun kilomita 50 da 60 a awa, irin na cikin gari, su nemo gudun da ta biyu za ta bugi mai tsallaka titi da shi a inda ta farko ta tsaya.