Nutso a Ruwan Sanyi: Darasi Daga Tsohon Ramin Fasa Dutse

Gabatarwa

A tsakiyar ƙasar Ingila, kusa da ƙauyen Stoney Stanton, akwai wani makeken rami da ake kira Stoney Cove. A da dutse ake fasawa a wurin. Da aka daina aiki a 1958, sai ruwa ya ɓuɓɓugo ya cika shi, har ya zama cibiyar koyon nutso mai zurfin kimanin mita 35. A shekarar 2000 aka nutsar da wani tsohon jirgin ruwa mai suna Stanegarth a cikinsa domin masu nutso su riƙa ziyarta. Galibin masu zuwa irin wannan wuri karon farko ba su da kayan kansu, haya suke yi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa ɗalibai cewa kowane kaya da mai nutso zai karɓa, da kowane shiri da zai yi, amsa ce ga abokan gaba guda biyu: sanyi da matsin ruwa.

Sanyi da jikin ɗan Adam

Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Ruwa kuwa ya fi iska saurin ɗauke zafi da kusan ninki 25. Saboda haka sanyin da mutum zai jure a sarari da riga ɗaya, a cikin ruwa yana iya galabaitar da shi.

Ruwan irin wannan rami hawa-hawa yake. Da bazara rana tana ɗumama na sama, amma ruwa ya fi nauyi ne a digiri 4, don haka mai sanyin yake kwantawa a ƙasa. Mai nutso yakan ratsa wata iyaka inda ɗumin ke yankewa farat ɗaya. Da zarar sanyi ya bugi fata, mutum kan ja numfashi ba da niyya ba, sannan ya shiga haki. Jijiyoyin jini na fata su tsuke, jini ya koma wa zuciya da ƙwaƙwalwa, yatsu su sandare. Yatsun nan kuwa da su ake sarrafa kayan nutson. Wannan ne ya sa sanyi ke illa tun kafin zafin cikin jiki ya sauka.

Matsin ruwa

A 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa idan matsi ya ƙaru, girman iska yakan ragu daidai gwargwado. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsi ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Wanda ya cika huhunsa a mita 10, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu, tana iya yaga huhun. Dokar farko ta nutso ke nan: kada a taɓa riƙe numfashi.

Haka kuma matsi yana tura iskar naitirojin cikin jini da tsoka. In aka taso da gaggawa, sai ta fito da kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki.

Kayan da za a yi haya

1. Rigar nutso. Iri biyu ce. Ta farko ta roba ce mai ƙananan kumfan iska a jikinta, kuma kumfan ne ke tare zafi. A ruwan sanyi ana neman mai kaurin milimita 7. Dole ta kama jiki, domin in ta yi burmuƙuƙu ruwa zai yi ta shiga yana fita da ɗumin. A zurfi kumfan sukan matse, bisa dokar Boyle, sai rigar ta rage kauri daidai inda ruwa ya fi sanyi. Ta biyu ba ta barin ruwa ya shiga, ta fi ɗumi, amma sai da horo na musamman, domin iskar cikinta na iya taruwa a ƙafafu ta juya mutum kai ƙasa. Ko wacce aka zaɓa, a haɗa da hula da safar hannu.

2. Na'urar numfashi. Jacques Cousteau da Emile Gagnan ne suka ƙera irinta ta zamani a Faransa a 1943. Aikinta shi ne rage ƙarfin iskar tulu zuwa yadda huhu zai iya ɗauka. Iska tana yin sanyi idan ta saki daga matsi, don haka ƙanƙara na iya taruwa a na'urar ta hana ta rufewa, iska ta yi ta kwarara har tulu ya ƙare. Haɗarin ya fi yawa a rami bisa teku, domin ruwa mara gishiri yana daskarewa a digiri 0, na teku kuwa sai ya kusa digiri 2 ƙasa da haka. A ƙa'idar Turai, ruwan da bai kai digiri 10 ba na sanyi ne. Wajibi ne mai haya ya tambaya ko na'urar ta ruwan sanyi ce, da kuma lokacin da aka duba lafiyarta.

3. Tulun iska, rigar daidaita nauyi, da dalma. Riga mai kauri tana sa mutum ya yi ta tasowa, sai a ƙara dalma a ɗamara. Amma ruwa mara gishiri bai kai na teku ɗaga jiki ba. Don haka a gwada nauyin a wuri mara zurfi, ba a yi kirdado ba.

Shirin nutso

Bari mu yi lissafi. Tulu mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 (ba ɗaya kusan matsin iskar doron ƙasa ne) yana ɗauke da lita 2,400. Ana ajiye ba 50 domin ko-ta-kwana, saura lita 1,800. A ce mutum na shaƙar lita 20 a minti a waje. A mita 20 zai sha 60, iskar ta ƙare a minti 30, har da lokacin sauka da tasowa. Sanyi da fargaba kuma suna ƙara haki, su rage lokacin.

Saboda haka sabon shiga ya tsaya a wuri mara zurfi. A Stoney Cove akwai dandamali na kimanin mita 7 inda ake koyarwa. Kada ya shiga sai da takardar shaidar horo ko malami, kuma da abokin nutso. Su yi yarjejeniya tun a waje kan zurfi da lokaci da alamun hannu. A guji tayar da laka da ƙafa, domin nan take gani ke gushewa. A taso a hankali, a dakata minti 3 a mita 5. Wanda ya fara karkarwa ya ba da alama a fito, babu kunya a ciki.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Darasin nan ya shafi tsofaffin ramukan haƙar kuza na Jos da ruwa ya cika: gefensu a tsaye yake, kuma ɗumin samansu ba ya nuna abin da ke ƙasa. Iya iyo kaɗai bai isa kariya ba. Wanda ya san yadda jikinsa ke amsa sanyi da matsi, shi ne zai san inda ya kamata ya tsaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwa mai digiri 4 ke kwantawa a ƙasan rami?
2. Idan mai nutson da ke cikin misalinmu ya tsaya a mita 10, minti nawa iskarsa za ta yi?
3. Bayyana alaƙar dokar Boyle da raguwar ɗumin rigar roba.