Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Hana Koyon Python

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko yana tambaya ko tsohuwar kwamfutar da yayansa ya bar masa za ta iya taimaka masa wajen koyon rubuta manhaja.

Za ta iya mana! Ya ɗora mata Lubuntu, wani nau'in Linux marar nauyi, kyauta ne, kuma yana zuwa da Python, wani yaren rubuta manhaja, a cikinsa. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991, kuma dokokin rubuta shi sun fi na C ko Java sauƙi nesa ba kusa ba.

Ya fara da ƙaramin aiki, kamar lissafin kuɗin adashi. Amma ya kwashe hotunansa tukuna, domin ɗora Linux na iya goge komai.