Darasi: Tafiyar Ƙafa Cikin Duwatsu

Jama'a, in za ku yi tafiyar kwanaki daga Birnin Kudu zuwa duwatsun Gwaram, ku tafi a ƙungiya, ɗan gari ya ja gaba.

Ku fara da Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Can akwai zanen shanu marasa tozo, aikin mutanen da. Kada a kankare.

Ku riƙi gora, ƙuli-ƙuli, tabarma da tocila. Ku yi sammako. Kada ku zura hannu cikin kogo, maƙwancin maciji ne. Ku tafasa ruwan rafi saboda cutar gudawa. In kun sauka ƙauye, ku gai da mai gari tukuna. Ku ƙirga junanku safe da yamma.

Tambaya: Don me ake tafasa ruwan rafi?