Barasa da 'Yan Mazan Jiya: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, ƙasarmu takan tuna da 'yan mazan jiya. Amma akwai waɗanda suka tsira daga harsashi, barasa ta kashe su a gida. Wani sojan yakan dawo da firgita da mugayen mafarkai, sai ya riƙa sha don ya sami barci. Tun 1980 likitocin Amurka suka sanya wannan firgita cikin jerin cututtuka, bayan yaƙin Biyetnam.

Hanta takan sarrafa barasa sannu a hankali. In an sha fiye da ƙarfinta, sai barasar ta danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, balle in an haɗa da tiramol ko kodin. Alamun haɗari su ne amai, da sanyin jiki, da numfashi ƙasa da sau 8 a minti, da barcin da aka kasa ta da mai shi. Kada a ba shi kofi, kada a kwara masa ruwan sanyi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.

Wanda ya daɗe yana sha kuwa, kada ya daina farat ɗaya ba likita, gama yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa cikin kwana 3 na farko, har rai ya salwanta. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Aro da Yaba da Kaduna da Maiduguri suna kula da masu wannan lalura. A raka shi can, kada a yi masa gori.