Mariƙi da Shuri a Manyan Libarba na Amurka

Libarbar da sai an ja 'yar gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi ta yi suna ne da Colt Single Action Army ta 1873. Mariƙinta lanƙwasasshe ne kuma mai santsi, don haka idan bindigar ta yi shuri sai ta mirgina a tafin hannu, bakinta ya ɗaga sama, ƙarfin ya ragu. Da harsashin .45 Colt wannan tsari ba shi da laifi.

Da harsasai suka ƙara ƙarfi sai labari ya sauya. Ruger Super Blackhawk ta 1959, mai cin .44 Magnum, an san ta da dukan gaɓar yatsan tsakiya, saboda ƙarfen da ya kewaye kunamarta yana da kusurwa ta baya. Shi ya sa maharba da dama suka koma wa mariƙin Bisley, wanda ya fi tsawo ya kuma fi miƙewa: ƙaramin yatsa yana samun wuri, shurin kuma yana tura hannu baya kai tsaye. Amma ba kowa yake jin daɗinsa ba, domin hannu ya bambanta.

Mariƙin roba yana hana zamewa, sai dai yakan goge fata har ta yi bororo. Mai shirin saye ya fara gwada irin bindigar a filin atisaye, da abin toshe kunne. Sabon shiga ya soma da .44 Special, wanda ke shiga bindigar .44 Magnum, kafin ya taɓa mai zafin.