Kunya Ba Ta Hana Neman Magani

Jiki amana ne da Allah Ya ba bawanSa, tsare lafiya kuwa yana cikin manyan manufofin Shari'a. Duk da haka, mutane da yawa sukan ga jini a bayan gida su yi shiru, su ɗauka basir ne, alhali wani lokaci ciwon daji ne na babban hanji. Sauran alamunsa su ne canjin yanayin bayan gida na makonni, da ƙarancin jini, da rama ba dalili. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, amma yakan sami matasa ma.

Likita yakan fara da tambayoyi, ya duba dubura da yatsa, ya auna jini da bayan gida. Sa'an nan a wanke hanji da magani, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara, a gutsuro ɗan nama don bincike. Wannan gutsuren ne ke tabbatar da cutar.

Malamai sun halatta buɗe al'aura ga likita saboda larura, gwargwadon buƙata. An fi son mace ta duba mace, namiji ya duba namiji. In ba a samu ba, babu laifi. In binciken ya faɗo cikin Ramadan kuma jinkiri zai cutar, majinyaci ya sha azumi, ya rama daga baya.

Cutar da aka gano da wuri ta fi saurin warkewa. Neman magani kuwa bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.