Mu gyara daɓen dutse na bakin rijiya

Ƴan uwa, a garuruwa da yawa an shimfiɗa duwatsu masu faɗi kewaye da rijiya, an haɗa su da siminti. Wannan daɓe shi ke hana ruwan ƙazanta komawa cikin rijiya. Amma yau da gobe siminti yana tsagewa, dutse ya soma girgiɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga caɓi da kashin dabbobi ke bi su sauka cikin ruwan da muke sha. Daga nan sai gudawa ta kama yara.

Mu san dutsenmu

A Damagaram akwai dutse mai tauri ƙwarai. A Adar kuwa akwai farin dutse mai taushi, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Tsami yana cin farin dutse. Kada a wanke shi da ruwan batir ko ruwan lemun tsami. Ruwa da sabulu da buroshi sun isa su fid da gansakuka mai sa santsi.

Yadda ake gyara

1. A ɗaga dutsen da ke girgiɗi, a kankare tsohon siminti, a wanke dutsen.
2. A cika ramin da tsakuwa, a daɓe sosai.
3. A kwaɓa tiya 1 ta siminti da tiya 3 ta yashi mai tsabta, marar laka. Kada ruwa ya yi yawa.
4. A jiƙa dutsen kafin a aza shi. Busasshen dutse yana shanye ruwan kwaɓin, gyara ba ya kamawa.
5. A aza dutsen ya ɗan gangara waje, santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gudu nesa da rijiya.
6. A cike tsakanin duwatsu da kwaɓin.
7. A rufe da buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Kada kowa ya taka.

Rijiya ta kowa ce. A zaɓi mutum biyu su riƙa duba daɓen kowace Juma'a. A kai kwamin dabbobi nesa da shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake jiƙa dutse?
2. In an kwaɓa tiya 2 ta siminti, tiya nawa ta yashi za a sa?
3. Yaya daɓen rijiyar garinku yake yau?